Wa Ke Sauko da Mai Gadi?

Karen yana kwance a gindin bishiyar tsakar gida, inda Auta ba ta bar shi ba.

Ta tsaya da makulli a hannu. A baranda ta bar shi da safe, daidai bakin ƙofar falo. Tsakanin barandar da bishiyar akwai matakala, shi kuwa ƙafafunsa na baya tuni suka yi murabus. Ko fitsari zai yi, sai ta zura masa tawul a ƙarƙashin ciki ta ɗaga ƙugunsa, yana takawa da na gaba tana bin sa a duƙe. Tawul ɗin ga shi can yashe kusa da shi.

Bayan da aka fasa gidan maƙwabta da rana tsaka ne ta je gidan ajiye dabbobi neman karen gadi. Ta dawo da wannan, tsoho mai furfura a baki, wanda kowa ke wucewa. An ce mata a hannun wani mugu aka ƙwato shi, shi ya karya masa baya da ƙarfe. Yayanta ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kin je neman mai gadi, kin kwaso wanda za a yi wa gadi. Baba bai ishe ki ba?"

Sunan kuwa ya bi shi: Mai Gadi.

Baba dai tun da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta zama sai da ƙyar. Ranar da ya faɗi a gaban surukansa yana gwada takawa, ya yi jifa da sandar, ya zauna a kujerar bakin taga, likita ya yi lallashin duniya ya ƙi. Da ya ga karen ma kalma ɗaya ya iya haɗawa: "Fitar."

Yanzu ta faɗa falon a guje. Yana nan a kujerarsa, rigarsa sharkaf da gumi.

"Baba, wa ya shigo gidan nan?"

Ya kau da kai.

Washegari haka, rana ta uku ma haka. Ta tafi makarantar da take koyarwa ta bar karen a baranda, ta dawo ta tarar da shi a inuwa. Ba a taɓa komai ba, talabijin na nan, kwanon abincin Baba ne kawai ake lashewa tas, shi da a da sai ta yi ta magiya kafin ya ci loma. Wato har cin abinci ake yi mata a gida!

Ta tambayi maƙwabciya.

"Wallahi ban ji haushi ba. Da dai kullum da hantsi, in rana ta cika barandar, nakan ji kukansa, har tausayi yake ba ni. Kwanan nan kuwa shiru."

Nan Auta ta shiga lissafi. Mai Gadi, ko mai karanta mitar wuta ne ya leƙo, sai ya tara masa unguwa. Wanda bai yi wa haushi ba, to ya san shi. Ta tuno mutumin nan mai ƙarfe. Ai duk mai son shiga falo dole ya fara kawar da karen daga bakin ƙofa.

Ta canza makulli. Bai hana komai ba.

Da yammar nan tana canza wa Baba riga ta ga gwiwar hannunsa a ƙuje, ga kumburi a kafaɗa.

"Innalillahi! Baba, dukanka yake yi? Ka yi min ko da nuni ne, don Allah."

Ya ja hannun riga ya rufe, ya harare ta. Ta shiga kicin ta yi kukanta, sannan ta kira Yaya.

"Shi ke nan," in ji shi, babu dariya wannan karon. "Ƙarshen mako zan zo in ɗauke Baba. Karen kuma ki mayar musu da kayansu."

Ta san ba za a sake samun mai ɗaukar Mai Gadi ba. Ta kuma san Baba ba zai yi rai a gidan da ba nasa ba. Amma ai gara haka da ta dawo ta tarar da gawa.

Da safe ta fita kamar kullum, ta rufe ƙofa da ƙarfi, ta laɓe a shagon tela na bakin layi. Babu wanda ya nufi gidan. Hantsi na ɗagawa ta zagaya ta baya, ta shiga ta ƙofar kicin, ta zari wuƙa, ta leƙa falo.

Kujerar bakin taga babu kowa. Bargo na ƙasa.

Ta buɗe baki za ta kira Baba. Sai ta ji wani sauti daga waje: nishin namiji, mai nauyi, da ƙarar abu ana ja a kan siminti. Ja, tsayawa. Ja, tsayawa. Ta dafa bango ta bi, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, har ta kai labulen ƙofa. Ta ɗaga wuƙar, ta yaye labulen.

Mai Gadi na gangara matakala da ƙafafunsa na gaba, jela na kaɗawa. A bayansa, kafaɗa jingine da bango, tawul naɗe a hannunsa mai lafiya yana ɗage da ƙugun karen, gumi na zuba, Baba ne tsaye a kan ƙafafunsa yana ce wa karen, "Sannu… saura… kaɗan."