Ƙasar Bayan Marina

Tunda ka ce an sa ka cikin masu rabon aiki, Malam Tanimu, ajiye shayin nan ka ji wani misali.

An yi wani gari da yaƙi ya cinye, har ba abin da ya rage a tsaye sai kuka da bakin rijiya. Da ƙura ta lafa, gwamnati ta ce a gina wa mutane gidaje su dawo, aka naɗa wani ɗan garin shugaban rabon kwangila. Mutumin nan yana birni aka yi tashin hankalin. Mahaifiyarsa ce ta ƙi fita, ta ce ba ta barin ɗakin da aka kawo ta amarya, kuma tun daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba. Duk wanda ya dawo sai ya tambaye shi inda aka binne ta, amma su ma gudu suka yi, iyakarsu su ce Allah ya ji ƙanta. Abin yana cin sa ƙwarai, don ba abin da yake so kamar ya tsaya a kan kabarinta ya yi mata addu'a. Ana nan sai ga wasu tsofaffin magina a ƙofar ofis, cikin 'yan tsirarun da ba su gudu ba. Aikin suke nema, babbansu kuma ya ce yana da magana ta kunnen shugaba. Da aka raɗa wa shugaba cewa ai 'yan ɗaya jam'iyyar ne, ko leƙowa bai yi ba, ya ce a sallame su. Dama aiki ya riga ya sami mai shi, wani ɗan kasuwa da ya yi wa ubangidan shugaba hidima lokacin zaɓe, wanda ko akurkin kaji bai taɓa ginawa ba. Tunda ta hannunsa ake ganin shugaba, wurinsa maginan suka bar saƙo: kada a ɗebi ƙasa a bayan marina, akwai mutane kwance, da hannunsu suka zuba su a rami ɗaya, ba wanka ba likkafani. Suka ɗauki kayan aikinsu suka tafi ci-rani. Ɗan kwangila ya dubi nisan kududdufin gari, ya dubi tsadar man mota, ya ce hassada ce kawai, ya haɗiye saƙon. Katafila ya sa ta haƙa, ita kuwa ba ta da ido. Leburorin da ya kwaso daga nesa, in ma sun ga wani abu cikin kwaɓi, ba su tsaya tambaya ba. Ƙasa ce baƙa mai laushi, tana kama tubali yadda ake so.

Gidaje suka tashi, aka shafe su da siminti, aka yi fenti, aka yi bikin buɗewa da kiɗa da jawabi. Mafi girma a ciki, ba sai na gaya maka ba, shugaba ya ɗaukar wa kansa. Sai dai tun makon farko mutane suka lura da wasu abubuwa. Rana tana tsakar ka, gumi yana zuba, amma ka shiga ɗaki sai sanyi ya kama maka ƙafa. Akuya da ba ta ganin bango ta ƙyale ba ta yi susa ba, sai ta zo kusa ta tsaya, ta juya. Ƙadangare bai hawa. Magidanci mai faɗa da iyali yana tsallake ƙofa sai muryarsa ta sauka da kanta. Tsofaffin mata kuwa sukan yi sallama a ɗakin da ba kowa, su ɗan dakata kamar masu jiran amsa. Shugaba kaɗai ne gidan ya karɓa. Akwai wani bango a zaurensa da yake jingina bayan azahar, yana jingina barci yake kwashe shi irin na yaro a goye, wani lokaci har yakan ji ƙanshin kanumfari. Ya riƙa yi wa mutane dariya, yana cewa talaka bai saba da gida mai kyau ba.

Damina ta sauka. Simintin da aka yi wa rowa ya fara ɓarewa. Wata rana da la'asar, bayan ruwa ya ɗauke, shugaba ya jingina a wurinsa sai wani abu ya tokare masa baya. Ya juya ya ƙwaƙule da yatsa. Awarwaro ne na azurfa, wanda ya saya wa mahaifiyarsa da albashinsa na farko, ga lanƙwasar da ya sani a gefe, kuma yana nan zagaye da ƙashin hannu. Ya aika a nemo maginan, aka samo babbansu da ƙyar. Tsohon ya ce, “Ranka ya daɗe, ai maganar da na zo da ita ke nan ranar da aka kore mu.” Shugaba ya tambaye shi ina sauranta. Tsoho ya ɗaga hannu ya nuna gidajen, layi bayan layi. Mutumin da yake neman kabari ɗaya ya tsaya a kai, ga shi ya raba uwarsa ga gari duka, da sa hannunsa. An ce har ya mutu, kullum da hantsi yakan bi gidajen nan bango bango, yana dafawa yana sallama.

Sha shayinka, Malam Tanimu, ya huce. In an zauna rabon gobe, ka tuna da abin da Hausawa suka ce: son zuciya, ɓacin zuciya.