Koriyar Lemar Tijjani

"Yalla, kowa ya bi lema!" Tijjani ya ɗaga koriyar lemarsa, ya kutsa cikin cunkoson Paris. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana jan alhazai zuwa Arfa, ko tsohuwa ɗaya bai taɓa yarwa ba, ai matarsa Ramlatu da yaransu biyu, su Sami, ba aiki ba ne.

Bai waiwaya ba sai a gindin hasumiyar Eiffel.

"Ramlatu, kin ga ƙwarewa?"

Tsofaffin Japanawa ne reras a bayansa, suna masa murmushi.

Wayarsa ta yi ƙara.

"Abu Sami, sassauta mana!" in ji Ramlatu. "Lemarka muke ta bi, ga mu har cikin jirgin ruwa."