Jirgin Ɗana da Jirgin Ɗanta

Ina tsaye a tashar Kafanchan sai Fasto ya tare ni. "Mama, waya ta zo. Ki gaya wa maƙwabciyarki ɗanta ya sauka Landan lafiya."

Landan fa. Yaron da jiya-jiya ta raka filin jirgin Kano har ya ƙetare teku. Ita ko gida ba ta iso ba, tana cikin jirgin ƙasan da ɗana ke tuƙawa, wanda na ishi matan zumuntar cocinmu da labarin gudunsa.

Sai la'asar jirgin ya shigo yana nishi. Ta sauko da kumburarrun ƙafafu, ta kama hannuna.

"'Yar'uwa, akwai labari?"

Na gyara ɗankwali. "Yi haƙuri, yana hanya tukuna. Ai ba kowane direba ne ɗana ba."