Kalkuleta a Rumbu

"Naira huɗu?" Alhaji ya daka tsawa. "Bara naira ashirin ka sayar mini da kowace ɗaya!"

Mai kantin, ɗan kudu da ya daɗe a Dutsin-Ma, bai ko tashi ba. "Alhaji, kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar kalkuleta ne ke faɗa a ƙasashen waje. Wannan ya karya farashi, wancan ya ƙara karyawa."

Bara, da kakar 1976, Alhaji ya sayar da geronsa kaf, ya sayi kalkuleta sittin. Ya jera su a rumbunsa na ƙauyen Ɗantutture, ya barbaɗa toka saboda ƙwari, ya liƙe bakin da laka, yana jiran damina ta ɗaga farashinsu kamar yadda take ɗaga na hatsi tun zamanin kakansa.

"Su ba su da sarkin kasuwa ne?" in ji Alhaji. "Wane ɗan halak ne ke karya farashi ana tsakiyar damina?"

"Ba su san da daminarka ba, Alhaji."

Gida babu ko tsaba, dole ya nufi kasuwar Kurfi. Gero ya ninka uku, kuma mai awon shi ne wanda ya saye nasa bara.

"Tiya nawa za a auna, ranka ya daɗe?" in ji mai awon. Sai ya zaro wata 'yar kalkuleta sabuwa daga aljihu, ya fara dannawa.