Gwajin Gwangwani

Na cika gwangwani da danshin yashi, na buga shi a ƙasa sau ashirin da biyar, ruwa ya taso saman yashin. 'Yan ɗakinmu na unguwar Manfuha suka matso suna leƙawa.

"Haka ake gwada ƙasar ƙarfe kafin a loda wa jirgin ruwa," na ce. "In ruwa ya taso, a teku za ta koma kunu, ta kife jirgin. Ban yi boko ba, amma na riga kyaftin gani. Na faɗa masa, ya yi dariya. Mutum ashirin da biyu suka nutse, ni ga ni ina shan shayi a Riyad."

Uwais, ɗan ƙanena Isiyaku, shekara talatin yake neman jin yadda ubansa ya mutu a jirgin nan. Ya ce, "Baffa, iyo ka yi?"

"Iyo na wawaye ne. Ban hau ba."

"Inna ta ce ba sa sakin ma'aikaci sai ya kawo madadinsa."

"Gaskiya ta faɗa."

"Baba kuwa tela ne. Me ya kai shi jirgi?"

Na tsiyaye ruwan gwangwanin. "Ya daɗe yana roƙona in samo masa aiki."