Ƙwaurin Tsohon Direba da Gangar Farauta

Tanimu, ɗana, na ga kana ɗingishi tun da ka fara gudun safen nan, kuma ban ga alamar za ka huta ba. Zauna in ba ka wani misali.

An yi wani direban babbar mota, mutumin wani gari na bakin daji. Yana saurayi, in an buga gangar farauta shi ne a gaba, karnuka ma da kyar suke cim masa. Sai neman abinci ya ɗora shi a kan sitiyari, yau kudu gobe arewa, har furfura ta cika masa gemu. Duk rani, in ya hango hayaƙin ƙunar daji daga kan hanya, sai ya rage gudu ya sauke gilashi, ya shaƙi warin toka. Da ya ajiye tuƙi ya dawo gida, ya tarar sa'o'insa sun ragu. Wasu ƙasa ta rufe musu ido, wasu ciwo ya zaunar. 'Yan da suka rage suka ce masa bana za su yi fitarsu ta ƙarshe, daga ita sun bar wa yara. Ya ce wannan da shi za a yi.

Washegari ya zaro wani tsohon takalmi da ƙasansa ya cinye, ya hau kwalta ya yi ta gudu, kamar shekarun nan ba su wuce ba. Kullum sai ya ƙara nisa. Ba a jima ba ƙwaurinsa ya fara zogi, da farko in ya tsaya sai ya lafa, daga baya har a kwance yana jin sa. Wani abokinsa, wanda shi da tafiya ya fara a kan yashin rafi, yau ya fita gobe ya huta, ya ce masa, "Malam, ƙafar da ta daɗe a kan totur lallashi take so. Sauka daga kwaltar nan, ka canza takalmi." Direba ya dubi yadda ciyawa ke bushewa, ya ga lokaci na ƙurewa, sai ya ɗaure ƙwaurin da tsumma ya ci gaba. Ranar da ya kasa taka dakalin ƙofar gidansa aka kira maɗori. Maɗori ya latsa ƙashin a hankali, ya ce babu karaya tukuna, amma saura kaɗan, kuma magani ɗaya ne: hutu da ruwan sanyi.

Da ranar farauta ta zo, yana zaune a zaure, ƙafarsa naɗe da zanen da matarsa ta jiƙa da ruwan randa. Abokansa suka biyo ta ƙofar gidan da goruna a kafaɗa, suka ɗaga masa hannu, abokin nan nasa na cikinsu yana takawa lafiya lau. Ya ɗaga musu shi ma. Ya kasa kunne yana bin gangar, ta wuce masallaci, ta wuce rijiya, ta tsallaka rafi, har ya kasa rabe ta da bugun zuciyarsa. Ƙafar ta warke kafin damina ta faɗi, amma sa'o'insa ba su sake fita ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.