Mai Lambu Da Dinyar Da Ta Kafe A Laka

Kai da kake ganin abin da ya shiga hannunka ya zama naka, gyara zama in ba ka misali. An yi wani mai lambun albasa a bakin tafki, a shekarar da aka yi sanyin nan da in ka yi wa maƙwabci sallama da asuba, sai hantsi take narkewa ta isa kunnensa. Wai har saman ruwa ya yi ƙanƙara. Ni dai ban gani ba, amma wanda ya faɗa mini ba ya ƙarya sai ranar kasuwa. Da sassafe mutumin ya hango dinya, ƙatuwar agwagwar dajin nan, ta kafe a laka, fukafukai sun sandare. Nan take ya ji ƙamshin miya. Ya shimfiɗa zana a kan lakar, ya ciji wuƙarsa, ya rarrafa. Yana cafke ta ya buɗe baki ya ce alhamdu lillahi, wuƙa ta faɗa laka ta nutse. To fa! Ga nama a hannu, babu abin yanka, gari da nisa, dinya kuwa wuya ya fara laƙwashewa. In ta mutu ba a yanka ba ta zama mushe, wahala ta tashi a banza.

Sai bawan Allah ya shiga jinya. Ya hura wutar kara, ya wanke ta da ruwan ɗumi, ya tuɓe rigarsa ya naɗe ta, ya ɗura mata kokon karin kumallonsa. Haƙoransa na kaɗawa, yana roƙon Allah ya ja kwananta, ko da zuwa wucewar mai wuƙa. Ai kuwa sai ga liman da jama'arsa sun dawo daga raɗin suna, wuƙar yankan rago na hannunsa. Kafin mai lambu ya buɗe baki, liman ya ce, "Allahu akbar! Ku zo ku ga tausayi. Mutum ya zauna ba riga don tsuntsu ya rayu!" Aka kewaye shi ana sa albarka. Ya dubi wuƙa, ya dubi jama'a, ya haɗiye yawu. Dinya kuwa ta ji ɗumi ya ratsa ta, ta sare shi a hanci, ta bar masa tukuicin kashi a riga, ta tashi fir. Ya bi ta da kallo yana hawaye, mutane suka ce imani ne. Ran nan tuwo da miya lami ya ci, amma har ya tsufa Mai Tausayi ake kiransa, yana amsawa.

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa suka ce, zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.